Kowa Ya Tsaya a Hannunsa: Zaman Lafiya Tsakanin Babur, Mota da Bas

Ɗan'uwa mai karatu, a cikin littattafanmu na baya mun yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro, da zawo, da kwalara. Waɗannan cututtuka suna da ƙwayoyin da ke kawo su. Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba shi da ƙwayar cuta, ba shi kuma da allurar rigakafi, amma yana cika gadajen asibiti. Wannan ciwo shi ne haɗarin hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara saboda haɗarin hanya. Shi ne ya fi kome kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ko'ina asarar rayuka, ko da yake motocinmu ba su kai na Turai yawa ba.

Maganin wannan ciwo yana hannun mai tuƙi da wanda aka ɗauka. Ga shi a taƙaice: kowa ya tsaya a hannunsa, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da yake shirin yi kafin ya yi shi.

Hanya ɗaya, masu bi da yawa

Dubi hanyar da ta tashi daga Maga ta bi ta Girbidik da Bogo zuwa Marwa, tafiyar kusan kilomita 80. Tun da aka gina madatsar tafkin Maga a shekarar 1979 domin gonakin shinkafa na kamfanin SEMRY, wannan hanya ba ta rabuwa da kaya. Akwai buhunan shinkafa, akwai kifi ɗanye da busasshe, akwai shanu masu zuwa kasuwa. Ran Talata, ranar kasuwar Pus, babur da mota da amalanken jaki da mai keke da mai tafiya a ƙasa duk suna neman wuri ɗaya.

Dubi kuma babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Ngawundare ta ƙetare gadar Binuwai a Garwa, ta bi Pitowa da Figil zuwa Marwa, har Kusiri a bakin iyakar Cadi. A kanta za ka ga bas na dogon zango, da tirelolin da ke kai kaya Cadi, da motocin auduga na SODECOTON, da motocin siminti daga Figil. Ran Lahadi kasuwar Pitowa takan cika har bakin kwalta.

Waɗannan abubuwan hawa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Direban bas yana cikin ƙarfe. Mai babur kuwa jikinsa ne ƙarfensa. Idan suka haɗu, bas zai je wurin mai gyara, mai babur a kawo mana shi asibiti, in ya yi sa'a.

Mene ne tsayawa a hannunka?

A Kamaru ana tuƙi a hannun dama. Haka yake a Cadi da Nijar, haka ma Nijeriya tun shekarar 1972. Dokar hanya ta ƙasashen CEMAC ta shekarar 2001 ita ce muke bi. Ga abin da kowa ya kamata ya sani:

1. Ka riƙe hannun dama, ko da babu farin layi a ƙasa, ko da hanyar ƙasa ce.
2. Idan za ka wuce wani, ta hagunsa za ka bi, sa'an nan ka koma hannunka.
3. Farin layi miƙaƙƙe wanda bai tsittsinke ba, ba a ƙetare shi. Layi mai tsinke-tsinke ana iya ƙetarewa idan gaba babu kowa.
4. A mararraba wadda ba ta da alama, wanda ya fito ta damanka shi ne zai fara wucewa.
5. Mai fitowa daga lungu, ko gida, ko gona, ko gidan mai, shi ne zai jira masu bin babbar hanya.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci? Domin kowane direba yana tuƙi ne da zato. Yana zaton za ka kasance inda ya kamata ka kasance. Ranar da ka ɓullo ta inda bai zata ba, ba shi da lokacin taka birki.

Abin da ya fi fitar da mutane daga hannunsu a wajenmu shi ne rami. Mai babur ya ga rami a hannunsa, sai ya koma hannun wasu domin can ya fi santsi. Mai mota ma haka. Kauce wa rami ba laifi ba ne. Amma ka rage gudu, ka duba gaba da baya, in akwai mai zuwa ka bar shi ya wuce tukuna. Ramin da ke hannunka naka ne, kada ka sa wani ya biya kuɗinsa da ƙafarsa.

Abu uku game da babbar mota

Na ɗaya, babbar mota ba ta tsayawa nan take. Abin hawa mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 90 yana cin mita 25. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. Bayan an taka birki ma mota tana ci gaba da tafiya. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata yakan ninku sau huɗu. Bas cike da mutane da kaya a sama, ko tirela mai siminti, ya fi ƙaramar mota bukatar nisa. Saboda haka kada ka sha gaban babbar mota sa'an nan ka taka birki domin ka ga fasinja a bakin hanya.

Na biyu, direbanta ba ya ganin ko'ina. Akwai wuraren da madubi ba ya nuna masa: dab da bayan motar, dab da gabanta ƙarƙashin gilashi, da gefen dama. Babur yakan ɓace gaba ɗaya a waɗannan wurare. Ga gwaji mai sauƙi: dubi madubin motar. Idan ba ka ga fuskar direba a ciki ba, shi ma bai gan ka ba.

Na uku, doguwar mota ba ta shan kwana kamar babur. Idan za ta juya dama, takan fara buɗewa zuwa hagu, sa'an nan ta karyo. Mai babur ya ga fili ya buɗe a dama, sai ya kutsa. Nan tayoyin baya suke yanko kwana su same shi. Raunin da tayar baya take yi wa ƙugu da cinya yana cikin mafi muni da muke gani. In ka ga doguwar mota a bakin kwana, tsaya a bayanta ka ba ta wuri.

Zuwa gare ka, mai babur

Babur ya taimake mu ƙwarai. Shi ne yake kawo mai naƙuda asibiti da dare, shi ne yake kai yaro makaranta, shi ne abincin gidaje da yawa. Domin ya ci gaba da zama alheri, kiyaye waɗannan:

- Kada ka wuce mota ta damanta. Fasinja yana iya buɗe ƙofa, direba yana iya raɓawa gefe.
- Kada ka kutsa tsakanin motoci biyu masu tafiya.
- Kada ka bi hannun da ba naka ba domin gajarta hanya, ko da taku ashirin ne.
- Ka sa sigina kafin ka juya. In ta lalace, miƙa hannu. Ka waiwaya da kanka, madubi kaɗai bai isa ba.
- Kada ka cire madubin babur domin ado.
- Ka bar tazara. Zaɓi wata bishiya a gaba. Idan motar da ke gabanka ta wuce ta, ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. In ka iso bishiyar kafin ka gama, ka matsa da yawa.
- Kada ka shiga ƙurar mota a hanyar ƙasa ka ce za ka wuce. Abin da ke cikin ƙura ba ka san shi ba.
- Ka kunna fitila da rana ma, musamman lokacin hazo. Da dare ka tabbata jar fitilar baya tana ci.
- A kan madatsa da gefen magudanan ruwa na gonakin shinkafa hanya siririya ce. Da damina laka tana da santsi kamar sabulu. Idan kun haɗu da wani, ɗaya ya tsaya.

Wuce mota yana bukatar fili fiye da yadda ake zato. Ga misali. Bas yana gudun 60, kai kana gudun 80. Kafin ka fito daga bayansa ka wuce shi ka koma hannunka, za ka ɗauki daƙiƙa kamar 9, ka ci mita kamar 200. Motar da ke zuwa daga gaba da irin gudunka ita ma za ta ci mita 200. Ke nan kana bukatar ganin fili na mita 400, wato tsawon filin ƙwallo huɗu. A kwana, ko kan tudu, ko kan gada, ko cikin kasuwa, ba ka da wannan fili.

Wasu direbobin manyan motoci sukan kunna sigina domin su ce maka “wuce” ko “dakata”. Niyyarsu mai kyau ce, amma ba kowa ne yake nufin abu ɗaya da ita ba. Wataƙila juyawa zai yi. Idonka ne zai ba ka izinin wucewa.

Dokar gwamnati ta watan Disamba 2008 a kan babur na haya ta bukaci lasin tuƙi, da inshora, da hular kwano. Wannan hula tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, idan an ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Mun san zafin watan Maris da Afrilu. Amma gumi yana bushewa, ƙwaƙwalwar da ta fashe kuwa ba ta komawa kamar da.

Zuwa gare ka, direban ƙaramar mota

Mai babur yana da haƙƙi a kan hanya kamar yadda kake da shi. Kada ka matse shi zuwa cikin yashi ko bakin kwalta da ya zaizaye, nan ne tayarsa take zamewa. Idan za ka wuce shi, ka bar fili kamar faɗin mutum mai buɗe hannuwa biyu, domin yana iya kauce wa rami ko akuya. Kada ka wuce shi sa'an nan ka juya dama a gabansa. Kafin ka buɗe ƙofa, waiwaya.

Ka rage gudu a cikin gari, da bakin makaranta, da bakin kasuwa, da ƙofar masallaci ko majami'a lokacin da jama'a ke fitowa. Mutumin da mota ta buge tana gudun 65 ya fi wanda ta buge tana gudun 50 haɗarin mutuwa fiye da sau huɗu. Ka ajiye waya. Mai magana a waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi haɗarin karo kusan sau huɗu. Da dare ka sauke fitila idan wani yana zuwa. Mai babur da haske ya kashe wa ido ba ya ganin amalanke ko saniya da ke gabansa.

Zuwa gare ku, direban bas da yaron mota

Malam direba, rayuka da yawa suna bayanka, wasu kuma suna gabanka. Girman motarka amana ce. Hon na faɗakarwa ne. Idan ka danna shi dab da bayan mai babur, yana iya firgita ya faɗi a gabanka. Ka danna tun daga nesa, ka ba shi lokaci ya raɓa.

Kada ka bar hannunka ka shiga na mai babur da ke zuwa, kana kunna masa fitila wai ya sauka daga kwalta. Kada ku yi tsere da wani bas domin fasinja. Idan za ka sauke mutum, ka fita daga kan hanya sosai. Yaron mota ya gargaɗi mai sauka kada ya ƙetare ta gaban bas, domin mai wucewa ba ya ganinsa.

Idan mota ta lalace, ku sa alama mai kusurwa uku nesa da ita, gaba da baya. Rassan ganye da aka saba zubawa suna taimakawa da rana, da dare kuwa ba a ganinsu sosai. In kun gama gyara, ku kwashe rassan da duwatsun da kuka tare taya da su. Dutse ɗaya da aka bari a kwalta ya isa ya kashe mai babur da dare.

Barci ba ya jin magani. Goro da shayi ba sa maye gurbinsa. In ido ya fara nauyi, ka tsaya ka kwanta.

Giya da ƙwaya

Giya, ko burkutu ce, ko arki, ko ta kwalba, tana rage saurin ganewa, tana kuma ƙara wa mutum ƙarfin hali na banza. Ƙwayar tramol maganin ciwo mai tsanani ce wadda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Masu shanta domin su jure aiki sukan ce tana kashe gajiya. Gaskiyar ita ce tana kawo jiri da gyangyaɗi, idan aka sha da yawa kuma tana kawo farfaɗiya. Ka yi tunanin mutum ya faɗi da farfaɗiya a kan babur, da mace da goyo a bayansa. Wanda ya kasa barinta ya zo asibiti. Akwai taimako, ba za a kunyata shi ba.

Ke da kai da aka ɗauka

Fasinja ma yana da baki. In mai babur yana gudu, ki ce masa, “Ɗana, sannu-sannu, ba sauri nake ba.” In kin ji warin giya, ki sauka ki nemi wani. Kada ku hau ku uku ko huɗu, birki ba zai kama da kyau ba. Ki tattare zane da gyale da hijabi ki riƙe su a cinya, domin tayar baya da sarƙa suna kama tufafi su fizgo mutum ƙasa ta wuya. Ki kula da salansa, tana ƙona ƙafa. Kada a zaunar da ƙaramin yaro a kan tanki. Kada a rataya ƙarfe ko katako a gicciye ya fi babur faɗi. A cikin bas, in direba ya wuce kima, ku yi magana tare cikin ladabi. Muryar mutum goma ta fi ta ɗaya.

Idan haɗari ya faru

1. A tsare wurin. Mutum ɗaya ya tsaya nesa ta kowane gefe ya tsai da motoci. A kashe inji. Kada kowa ya kunna taba, musamman inda ake ɗauke da jarkokin fetur.
2. A kira taimako: jandarma 113, 'yan sanda 117, 'yan kwana-kwana 118. A sanar da asibiti mafi kusa.
3. Kada a ja mai rauni ta hannu ko ƙafa. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, wasu uku su ɗaga shi tare a kan ƙyaure ko faffaɗan katako.
4. Kada a cire masa hular kwano, sai in ba ya numfashi ko yana amai.
5. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe ɗaya, kai da jiki tare, domin kada amai ya shaƙe shi.
6. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, ba ɗagawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai.
7. Kada a ba shi ruwa ko abinci. Wataƙila za a yi masa aiki.
8. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko man birki a kan rauni. Suna kawo ruɓa da ciwon sandarewar haƙora. Ƙunar salansa a zuba mata ruwa mai tsabta na minti 20.
9. A ɗaure karaya da sanda biyu yadda aka same ta. Idan ƙashi ya huda fata, asibiti za a nufa kai tsaye. Ɗorin gida a kan irin wannan karaya yakan kai ga yanke ƙafa.

Kada a taru a bugi direba. Lokacin da ake kashewa wajen faɗa, jinin mai rauni ne yake zuba. Tsoron duka kuma shi ne yake sa direbobi gudu, alhali motarsu ce za ta iya kai shi asibiti. A bar shari'a ga hukuma.

Wanda ya tashi ya ce lafiyarsa lau

Wannan shi ne muke jin tsoro. Mutum yana iya buga kai, ya suma kaɗan, ya farfaɗo ya tafi gida da ƙafarsa, alhali jini yana taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa. Duk wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, a kawo shi a duba. Wanda aka sallama, kada ya kwana shi kaɗai. A dawo da shi nan da nan idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa ko maganar da ba ta kan hanya, farfaɗiya, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, ko mutuwar hannu ko ƙafa.

Haka ma wanda kan babur ya buga a ciki. Saifa ko hanta tana iya fashewa ba a ga jini a waje ba. Alamunta su ne ciwon ciki, da jiri, da gumi mai sanyi, da ƙishirwa mai tsanani, da farin ido. Mace mai ciki da ta faɗi ta zo awo a ranar, ko ba ta ga jini ba. Ku tuna, wasu raunuka sai an kai su babban asibiti a Marwa ko Yagwa ko Garwa, tafiyar kuwa tana cin lokaci. Wanda ya zo da wuri shi ne ake iya turawa da wuri.

Tambayoyi domin tattaunawa

Ku karanta wannan littafi tare a tashar babura, da taron mata, da taron matasa, ku amsa waɗannan:

1. Wane wuri ne a garinku aka fi yin karo? Me ya sa?
2. Ta wane gefe ake wuce mota? A waɗanne wurare ne ba a wucewa sam?
3. Yaya za ka san ko direban babbar mota yana ganinka?
4. Su wa za ku kira, wace mota kuma za ku nema, idan haɗari ya faru da dare?
5. Masu babura na tasharku za su iya yin adashi domin kowa ya sami hula biyu, tasa da ta fasinja?

Ɗan'uwa, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Minti biyar da za ka samu ta bin hannun wani ba su kai wata uku a kan gadon asibiti ba, ba su kai gonar shinkafa da za ta rasa mai nomanta ba. Ka riƙe hannunka, ka ba na gabanka wuri, ka nuna abin da za ka yi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.